Jakin Muntari Mai Tonka

Shamsiyya, aje wayar nan ki matso. Kin ga Duna, tsohon jakin ga da kuke ba dusa? Saura kaɗan kakanku shi saida shi.

Kakanku, wanda mutane ka ce ma Muntari mai tonka, hwataucin tonka, barkono ke nan, yay yi duk rayuwatai. Shi sayo busasshe Galma, shi aza ma jaki, shi kai kasuwar Bangi. Mutum na marar hayaniya, amma in ya yanke magana, to ya yanke.

Da sahe Duna lahiya lau shike tahiya. Rana na ɗagawa sai harbi, shi yada kaya, shi ruga inuwa shina birgima. Kakanku yac ce lalaci na, kasuwa mai zuwa dillalai za shi miƙa ma. Jakkan da sunka saya kau yanka su akai, don hwata.

Ran nan Duna ya ƙi tashi sam. Kakanku ya sauke mai buhu, ya saɓa bisa nashi baya har gida, riga jiƙe da zuhwa, Duna na biye. Na kai mishi ruwan wanka, wanda rana taɗ ɗan ɗumama cikin bokiti. Sai ihu: "Biba! Dahwa ni za ki yi?"

Na sa hannu, nac ce, "Haba Malam, ko jinjiri a wanke da wanga."

Ya zuba ga ƙahwa, ba komi. Ya zuba ga baya, sai tsalle! Ashe garin tonkan buhun ya ci mishi baya. Ya hito, ko riga babu, ya ɗaga akumarin Duna. Garin tonka duk ya shige ƙasa, gashin wurin ya goge.

Yac ce, "Wayyo Duna. Rana guda muke tahiya ciki, ashe taka ta hi tawa zahi."

Nonon da zan dama hura ya ɗauke, ya wanke bayan jaki da shi. Ayuba maƙwabcinmu ya leƙo ta darni: "Muntari, angon naka yaushe za a sa mai lalle?"

"Sai ka kawo gudummawa," in ji kakanku.

Mu dai ran nan hura da ruwa munka sha. Washegari ya ɗinka hwatar akuya ƙarƙashin akumari, ya riɓa buhunan, wani cikin wani, kar gari shi zubo. Dillali ya zo, ya sha ruwa, ya koma. Har Allah ya karɓi kakanku, ba ya cin tuwo sai ya ga Duna ya ci.

Tashi ki kai mishi ruwa. Amma wanke hannunki tukuna, tonka kinka daka.