Shuɗin Fenti a Hular Soja

Mahaifinmu ginin rijiya ya yi duk rayuwarsa, kuma a cikin rijiya ajali ya same shi. Dutse ne ya suɓuto daga baki, bai ma kai kan akuya girma ba. Yayana ya gaji aikin, har da igiyar da digar. Tun daga nan, duk safiyar da ya ɗaure kaya a bayan babur ya nufi garakan albasa na wajen Dogarawa, Inna ba ta iya sa komai a baki sai ta ji ƙarar dawowarsa. Ni kuwa tsorona faɗa yake komawa, haka Allah ya yi ni.

Wata ranar kasuwar Konni na je sayen zare, don ɗinki nake yi, sai na ga hulunan kwano na soja jibge a wurin wani mai gwanjo, tsakanin tsofaffin takalma da tantuna. Na ɗaga ɗaya. Tsatsa ta ci bakinta, cikinta ba komai sai ruɓaɓɓen maɗauri da warin zufar wani bawan Allah da ban sani ba. Na ƙwanƙwasa, ta amsa garau, babu tsaga. Mai kayan ya tambaye ni ko mijina soja ne. Na ce ya sa mini a leda ya bar tambaya.

Da yashi da toka da lemun tsami na goge tsatsar, har farcena ya karye. Koren launin sai da na kankare shi tas, domin a hanyoyinmu na bakin iyaka, mutum bisa babur da hular soja bai san da wa zai gamu ba, jandarma ko waɗanda ba sa tsayawa tambaya. Na shafa mata ragowar shuɗin fentin ƙofar shagona. Baduku ya yanka mini maɗauri na fatar akuya. Cikin kuwa gammo na ɗinka da tsohon zanen Inna.

Da na miƙa wa Yaya, ya juya ta, ya leƙa ciki.

"Auta, tukunya zan sa bisa kai? Sauran murhu."

"Sa ta, Yaya. Kan naka ai bai hi dutse tauri ba."

Ya yi dariya, amma ya sa, don Inna tana kallo. A safiyar nan, bayan ya tafi, Inna ta ɗauki kwanon kununta ta shanye. Na ji daɗin da ban iya faɗi ba, sai na shiga yi wa kaji faɗa.

Ba a jima ba na fara ganin laka a cikin gammon. Ashe da ya sauka ƙasa yake tuɓe hular, ya mai da ita abin kwasar laka. Na tare shi a zaure, na wanke shi tas. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce zafin ƙasan rijiya ban san shi ba, ƙarfen dafa masa kai yake. Gaskiyarsa ce, ko da yake ban faɗa masa ba. Na ɗinka gammo na biyu mai kauri, wanda zai jiƙa da ruwa kafin ya sauka. Na kuma rantse in na sake ganin laka, Inna za ta ji. Laka ta daina zuwa.

Haka muka yi rani guda lafiya. Kullum ya dawo, Inna ke karɓar hular ta rataye a ƙusar ɗakinta.

Wata la'asar sai ga shi a ƙofar shagona maimakon gida, hular a cikin buhu. Ya fito da ita ya ajiye kan keken ɗinki. Daga sama ta lotsa, fentin wurin ya ɓare, ƙarfe tsirara yana ƙyalli. Na sa dunƙulen hannuna a ramin, ya zauna daidai.

"Akwai sauran fentin nan?" ya ce. "Kar Inna ta gani."

Na buɗe baki in yi faɗa, faɗan bai zo ba. Na dubi kansa kawai, gumi na gangarowa ta bayan kunne. Na ɗauko ragowar fentin na shafe wurin da ya ɓare. Muka shanya hular a rana, muka zauna har aka kira magariba. Ramin dai yana nan, amma idon Inna ya yi rauni, muka ce ba za ta lura ba.

Ta karɓa kamar kullum, ta shige ɗaki da ita.

Da safe ita ta fito masa da hular, gammon a jiƙe. Ta ce ya sunkuyo. Ta ɗora masa, ta ja maɗaurin ƙarƙashin haɓarsa har ya ce, "Inna, kin matse." Ba ta sassauta ba. Bayan ya tafi ta zauna ta ɗauki kwanon kununta da hannu biyu, sai na ga shuɗi a kan yatsunta huɗu.