Malam Falalu, Mai Gyaran Agogon Misfala

Da an sauko daga sallar asuba, Malam Falalu zai buɗe ɗan shagonsa a wani lungu na unguwar Misfala da ke Makka, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya maƙala gilashi a idonsa na dama. Na hagun ya daɗe da mutuwa.

Daga Damagaram ya zo yana saurayi, a zamanin da alhaji ba ya jin ya gama tsaraba sai ya sayi agogon Seiko. Ya fara da agogo mai wani, wanda ake murɗawa da hannu. Da mai batir ya cika kasuwa, abokan sana'arsa suka watse, shi kuwa ya zauna ya koya. Mutanen Japan suka fito da mai samun wuta daga motsin hannu, suka ƙara da mai karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam. Duk ya bi su. Wayar hannu ce ta kwashe masa jama'a.

Ba domin wannan muke jinjina masa ba. Alhajin da ya rasu a Makka, a nan ake binne shi. Kayansa kaɗai ke komawa gida. Shekarar da zafi ya yi ɓarna a Mina, Hajiya Baraka, wata 'yar Gusau, ta zo da agogon mijinta a fashe, cike da yashi.

"Baba, ko kabarinsa ban gani ba. Wannan kaɗai zan kai wa 'ya'yansa."

"Zauna, 'yata," in ji shi.

Ƙaramin noti ya yi ta kuɓuce masa. Bai tashi ba sai da agogon ya motsa. Maƙwabcinsa Hisham mai shayi ya ce irin waɗannan agogunan ba su ƙirguwa, kuma bai taɓa ganin ya mayar da kowa ba.

Kai ne mai gyara wa marayu abin tunawa, Malam Falalu.

Yanzu an shafa wa ginin da shagonsa yake jan fenti, rusau na tafe. Yanar ido ta fara rufe idon da ya rage. Ba wanda ya gaje shi, kuma waɗanda ya sani a Damagaram duk sun kwanta dama.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da Aljanna. Ku kuma matasanmu na unguwannin Misfala da Ka'akiyya, wani ya je ya zauna kusa da shi, tun yana iya ganin abin da zai nuna masa.