Shekarar da Rigakafi Ya Wuce Shanun Kawu

Na daɗe ina kula da wani ƙaramin ɗakin karatu a Gaya. Ɗaki ne guda da baranda, da kantocin katako, da dogon teburin da ake baza jaridu a kai. Da safe in share, in jera jaridu, sannan in liƙa a allon baranda duk sanarwar da ta zo daga ma'aikatu, ta taki ce ko ta allurar yara ko ta ɗaukar aiki. Wanda ya iya karatu ya karanta da kansa, wanda bai iya ba ya kira ni.

Cikin masu kirana har da Kawu, wan mahaifiyata, da ke zaune a Toranke ta ƙasar Ajingi. Yana noma, amma shanu ne ransa. Daga kakanmu ya gaji 'yan ƙalilan, ya yi ta tattalinsu har suka zama garke. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta wajena, ya jingine kekensa, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Idan mun gama gaisawa sai ya ce, "To ɗan nan, me hukuma ta ce?" In karanta masa, in fassara abin da yake da Turanci. Ba ya mantuwa. Abin da ya ji a wajena shi yake kai wa mutanen unguwarsu.

A hankali jaridu suka daina zuwa. Takardun sanarwa ma suka ja baya, har allon baranda ya koma babu komai a jikinsa sai tsofaffin ƙusoshi. Da na tambaya aka ce ai yanzu komai ya koma intanet, kuma mu ma za a kawo mana. An kawo ɗin. Aka sauke kwamfutoci, aka ɗora farantan sola a rufi, aka ce in kwashe littattafai in kai sito don a sami wuri. Na yi murna a lokacin, ba zan ɓoye ba. Har horo aka tura ni Kano. Sai dai ba a daɗe ba batir ya mutu, intanet ɗin da aka haɗa mana ya yanke, ba wanda ya zo ya sabunta. Na yi ta kai ƙorafi ofishin shugabanninmu har na fara jin kunyar fuskata a can. Daga ƙarshe na samo tsofaffin zannuwa a gida na lulluɓe kwamfutocin. Littattafan da ke sito kuwa gara ta shiga cikinsu.

Ana haka ne ciwon huhu ya ɓulla a shanun yankinmu. Wata ranar kasuwa Kawu ya zo, ko keken bai tsaya jinginewa da kyau ba.

"Na ji a rediyo za a yi wa shanu rigakafi kyauta," in ji shi. "Amma sun ce ranaku da wurare sai a duba shafin ma'aikata. To ga ni. Duba mini."

Na kalli zannuwan da ke kan tebur. Na ce, "Kawu, waɗannan ba sa aiki."

"Ba don irin wannan aka kawo su ba?"

Na kulle ɗakin, muka nufi ofishin da ke kula da harkar dabbobi. Ma'aikacin da muka tarar mutumin kirki ne, ya ba Kawu kujera. Ya ce shi ma ba a aiko masa da komai a rubuce ba, daga sama ake tsara abin, masu allurar ma daga birni za su taho. "Baba, ku duba shafin nan, komai yana ciki," in ji shi. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai daga wajen dubawar muke."

Daga nan muka je shagon masu buga takardu a bakin tasha. Mai shagon ya yi iya ƙoƙarinsa. Shafin ya yi ta juyi, da ya buɗe kuma sai ga hotunan manya suna yanka kintinkiri da jawabin wani taro na bara. Akwai wani wuri da aka ce a danna a sauke jadawali. Ya danna, abin ya ɗauko ya tsaya a rabi. Ya sake, ya kuma tsayawa. Muna nan aka ɗauke wuta. Kawu yana tsaye a bayanmu, hannayensa a baya, yana kallon allon da ya yi baƙi.

Na yi masa alkawari zan ci gaba da nema, kuma na nema. Na ari waya, na kira wani abokina a Kano, na sake komawa shagon. Kafin in samo wani abu, labari ya iso cewa masu allura sun zo wani fili kusa da Gafasa, a nan ƙasar Ajingi, sun yi wa shanun waɗanda suka ji, sun tafi. A ranar Kawu ya kora nasa kiwo can wani gefen daban. Sai da yamma ya ji daga bakin maƙwabcinsa.

Ciwon ya shiga garkensa bayan haka. Na je Toranke na gani da idona. Shanun suna tsaye sun miƙar da wuya, suna tari, ƙafafun gaba a ware. Akwai wata farar saniya da yake ji da ita, wadda ta fi kowacce nono. Na same shi a tsugune kusa da ita yana shafa mata wuya, yana mata magana ƙasa-ƙasa da ɗan Fulatancin da ya rage masa ta wajen kakanmu. Ya sayo magunguna a kasuwa, ya kira mai allura na kuɗi, amma abin ya riga ya yi nisa. Wasu suka mutu, wasu aka yi saurin yankawa, mahauta suka kwashe a wulaƙance. Abin da ya rage bai kai a kira shi garke ba.

Da na yi masa jaje sai ya ce, "Allah ne ya ba ni, shi ya karɓa." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma da na ji, da na kai su."

Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Watanni bayan nan wata hidima ta kai ni Kano, na shiga wani shago mai intanet mai ƙarfi, na buɗe shafin. Nan take jadawalin ya sauka, da Turanci, a tsare tsaf. Tun kafin Kawu ya zo wajena aka saka shi. Na daɗe ina kallonsa, sannan na tashi na fita. Ban gaya masa ba, don ban ga abin da zai ƙara masa ba.

Daga wannan shekarar Kawu ya fara tsufa da sauri. Ya bar wa 'ya'yansa gonar, ya rage fita. Ni kuma na ci gaba da buɗe ɗakin kullum da safe, ina share shi, ina zama har azahar, wani lokaci ba mai leƙowa sai awaki. Da na yi ritaya na kai mukulli ofis. Wanda ya karɓa ya juya shi a hannu, ya tambaye ni na ina ne. Yanzu kujerun haya na biki ake ajiyewa a ciki.