Sunan Garin Maigidana

Jiya ina kai maigidana, wani dattijo Bafalasɗine, asibiti daga unguwar Al Aziziya, sai rediyo ta ce wata jiha a Amurka ta yi doka: an daina rubuta Gaɓar Yamma da Kogin Jordan a takardunta, wani suna za a sa.

Sai ya ce, "Musa, yaya sunan garinku?"

Na ce, "Baba, ƙauye ne, ko a taswira babu shi."

"Faɗa dai."

Na faɗa. Shi ma ya faɗi nasa, inda aka binne mahaifiyarsa, rabonsa da can tun yana saurayi. Ya ce, "Riƙe mini shi, ko da sun goge."

Wallahi tun lokacin kewar gida ta kama ni. Ku da ke nesa, yaya sunan garinku?