Akwatin Faston Noma

A shekarun da aka sa hannu a aikin faɗaɗa Harami, sana'ata a unguwar Mansur ta Makka sayar da takardar ƙunshi ce. Masu ƙosai da masu gyaɗa da masu yaji duk a wurina suke saye, saboda ba na ajiye takarda mai rubutun Larabci. Jaridar Makka ba ta ƙunsuwa, don ba shafin da za ka buɗe ka rasa sunan Allah, kuma ba mai yarda ta naɗe ƙosai a ciki a ci a yar a kwata. Tawa mai rubutun Nasara ce, daga Jidda nake kwasowa. Matan unguwa ko dubawa ba sa yi. Wannan yardar ita ce jarina.

Akwai wani dattijo maƙwabcina da muke kira Baba. A hanyarsa ta zuwa hajji ya yi shekaru a Sudan yana yi wa wani Bature aikin lambu. Baturen fasto ne na ɗarikar Firesbiteriya, kuma malami a kwalejin koyon noma. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba ajiyar akwatin ƙarfe cike da takardunsa, wai zai dawo. Baba ya ɗauko akwatin har Makka, a raƙumi, a jirgin ruwa, a ka. Da labari ya iso cewa faston ya mutu, kuma ɗakin Baba ya yi masa kaɗan, sai ya ce in kwashe. Na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce darasin noma ne. Na buɗe na ga zanen masara da tumbin akuya da ramin taki. Takarda ce mai kauri, ba ta zubar da mai. Kafin wata ya ƙare rabin Mansur a cikinta suke cin abinci.

Wata safiya Baba yana zaune gaban Goggo mai ƙosai, wadda duk matan da ke suya maganarta suke ji. Ya cinye ƙosansa, ya miƙe takardar a gwiwa, ya ce cikin jin daɗi ai ya gane wannan, ita ce faston ke riƙewa ran Lahadi yana kiran Allah.

Goggo ta ajiye matsamin.

"Wane Allah, Baba?"

"Wanda ya yi ni, ya yi ki. Da turanci dai."

Kafin azahar an dawo mini da takardu masu maiƙo daga kowane lungu. Goggo ta ce ba ta ƙara saye sai an gyara wannan ɓarna a gaban shaidu.

Na nemi Baba ya ware na wa'azi daga na noma. Ba ya karatu, amma ya ce na wa'azi suna da jan layi. Muka tara masu jan layi, sai ya tuna da jan biro faston ke duba aikin ɗalibai ma. Muka koma bin zane, duk mai hoton dabba ko shuka ta noma ce. Nan ma Baba ya ce mutumin ba ya fara darasi sai da addu'a, ko da darasin kashin shanu ne, kuma rubutawa yake yi.

Muka tafi wurin limamin unguwa. Ya ce sunan Allah sunan Allah ne a kowane harshe, sai a binne. Goggo ta tambaya ko a ina, tunda mai su ba shi da izinin shiga Makka yana raye. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce takarda ba mutum ba ce, amma a kai ta bakin iyaka don hankali ya kwanta.

Muka ɗauki shatar mota zuwa hanyar Jidda, inda ake tare waɗanda ba Musulmi ba. Muka sauke akwatin, ni da samari uku muka saɓa shi a kafaɗa, Baba na gaba yana share hawaye, liman na baya da casbi. Askarin shingen ya taso ya yi mana ta'aziyya, ya tambaya ko wane ne ya rasu. Baba ya ce maigidansa ne, Nasara.

"Nasara? Ta ina ya shigo?"

"A kaina na ɗauko shi, ya askari."

Ya sa muka buɗe. Ya ɗaga zanen tumbin akuya, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya shinshina ya ji man ƙosai. Ya dubi liman, ya ce mu matsa can gaba inda ba zai gan mu ba. Can muka haƙa rami muka juye takardun. Akwatin kuwa na dawo da abina, ƙarfe ne mai kyau.

Washegari Goggo ta aiko a ba ta takarda, da sharaɗin ba rubutun kowa a jiki. Na je wurin masu ginin Harami na kama buhunan siminti, ina ɓare fallen tsakiya da ba a buga masa komai ba. Sauran matan suka biyo ta. Shekara da shekaru ƙosan Mansur yana ɗan gurzar haƙori, amma ba wadda ta ƙara dawo mini da takarda.