Akwatin Sautin Yaya Habibu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Habibu, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Gumel. Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai kafiya. Duk tsohuwar kwamfutar da ta shigo hannunsa sai ya sa mata Linux, manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara.

Yana da wani ɗan akwatin sauti da ake jonawa ta USB, da shi yake naɗar karatun malamai har Gagarawa da Maigatari. Akwatin nan da halinsa. Ko ka ja maɓallin ƙara na kan allo har ƙarshe, ko gezau, domin wannan maɓallin na sautin cikin kwamfutar ne. Sai an buɗe baƙin allon rubuta umarni, a kira alsamixer, manhajar daidaita sauti, a zaɓi akwatin da sunansa, sannan a ɗaga ƙarfin makirufo. Ya sha ce min, "Sa'adu, zo ka ga yadda ake yi mana." Ni kuwa sai in ce ai yana nan.

Shekara biyu bayan rasuwarsa, Baba ya kira ni zuwa garin Sule Tankarkar. Jiki ya yi rauni, yana so a naɗi asalinmu: kakanninmu, inda suka taso, rijiyoyin da suka haƙa. Na jona akwatin, na ja maɓallin kan allo, na zauna a ƙasa. Sai na ga layin sautin ba ya motsi. To amma Baba ya riga ya yi bisimilla ya fara. Wa zai katse mahaifinsa ya ce dakata mu gwada? Yaya kam zai iya. Ko babban malami ne, durƙusawa yake ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan maimaita." Ni kunya ta hana ni. Awa biyu Baba yana magana, ina gyaɗa kai. Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba.

Da Yaya zai ga yadda kowa ke naɗa da waya yau, tsaki zai ja ya ce sautin bai yi ba. Ni dai na koyi ɗaga ƙarfin makirufon daga baya, kuma sauƙinsa ne ya fi ƙona min rai.

Abin da na gada daga Yaya ke nan: ba na ƙara naɗar muryar kowa sai an gwada, ko a gaban wa. 'Ya'yana kan roƙe ni in kunna musu muryar kakansu. Nakan kunna, mu yi tsit. Shuuu kawai ake ji, sai can wajen minti na arba'in, inda Baba ya sunkuyo kusa da makirufon ya yi tari.