Ƙwaryar Baba Musbahu

Kowace safiya, da gari ya waye, Baba Musbahu yakan zagaya bayan gidansa a Zurgu ya yaye tamfol daga kan motarsa. Tsohuwar akori-kura ce, fentinta ya koɗe har ba a iya cewa shuɗiya ce ko ruwan toka. Yakan duba ruwan lagireto, ya duba baƙin mai, ya zagaya tayoyin yana danna kowace da babban yatsa. Sannan ya tayar da ita, ya koma gefe ya karkatar da kai yana sauraro. In ya ji abin da bai yi masa ba, kokon da matarsa Inna Ramatu ta kawo sai dai ya huce a kan dakali.

Shekara goma sha huɗu ke nan yana haka. Ba ya zuwa tasha, ba ya lodin kasuwa. Motar marasa lafiya ce, kuma da hannunsa ya mai da ita haka, a gidansa.

Asalin abin daga Inna Ramatu ne. Wata damina ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya karye. Babu mota a unguwarmu lokacin, sai aka ɗora ta a babur aka yi ta dukan ramuka da ita har Rano. Ta warke, amma har yau da sanda take tafiya. Baba Musbahu ne a bayan babur ɗin yana riƙe da ita, kuma duk ramin da suka faɗa sai da ya ji yadda jikinta ya amsa. Ba ya son zancen wannan rana. Abin da ya yi shi ne, ya tafi Rurum Sabon Gari gidan yayansa marigayi, inda wata akori-kura ta shekara shida a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a kujerarta. Da shanun noma aka jawo ta gida.

Ya taɓa tuƙi da ƙuruciya, ya ɗan san ƙarfe, amma shi ba bakanike ba ne. Sai ya shimfiɗa tabarma. Duk abin da ya kwance daga injin, ya wanke da kananzir ya jera shi kusa da wanda ya riga shi fita, don kada hanyar komawa ta ɓace masa. Abin da ya mutu ya ƙulle a tsumma ya kai Ƙofar Ruwa a Kano ya nemo irinsa. Inna Ramatu tana zaune da sandarta tana korar awaki daga tabarmar. Wata takwas aka yi kafin motar ta yi tari ta tashi.

Daga nan ne mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa shi. Kowa ya san direbobinmu. In mutum ya samu akori-kura, abu na farko shi ne ya ƙara mata fallen sifirin, wato ƙarafan nan da ke ɗauke da bayan mota, don ta jure buhunan masara. Shi kuwa Baba Musbahu sai ya shiga ƙarƙashinta ya zare falle biyu-biyu a kowane gefe.

Habibullahi magini, ɗan kawunsa ne, taubashinsa, ga shi da baki. Ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Tsoho, mutane na ƙara wa mota ƙashi, kai kana zare mata? Wannan ko buhu biyar aka ɗora mata ai durƙusawa za ta yi."

Baba ya amsa daga ƙarƙashin mota, "Ba buhu za ta ɗauka ba."

"To me? Auduga?"

"Irinka, ranar da bakin nan ya gaji."

Inna Ramatu ta ce, "Malam, wasa wasa ne, amma ka daina yi masa baki."

Ya kira mai walda har gida, aka yi wa bayan motar rumfa. Ya rataya gadon katako a ciki da robar taya, yadda zai riƙa lilo kaɗan maimakon ya bugu. Ya yi matakala ƙasa-ƙasa saboda tsofaffi, Inna Ramatu ta ɗinka labule saboda mata. Da aka gama, sai ya ari ƙwaryarta, ya cika ta da ruwa har baki, ya ajiye a tsakiyar gadon, ya tuƙa zuwa bakin kwalta ya dawo. Ranar farko ƙwaryar a kife ta dawo. Ya rage iskar taya, ya sassauta wata roba, ya ɗaure wata, ya sake cikawa. Haka ya yi ta yi, har ya san kowane rami a hanyar da gefen da ake bi masa. Habibullahi yakan tare shi ya leƙa baya ya ce, "Sannu da hanya, ruwa. Ya gajiya? Direba bai wahalar da kai ba ko?" Ranar da ƙwaryar ta dawo bakinta kawai ya jiƙe, Baba ya ce motar ta gyaru. Tun daga nan ake kiran motar Ƙwarya.

Kai ne, Baba, ka kai matan da haihuwa ta zo musu da gardama, a bayan labule, ba wanda ya ga halin da suke ciki. Kai ka ɗauko Bafulatanin da saniya ta soka a wajen Kibiya. Mahaifiyata ma ta kwanta a gadon nan. Ta ce har barci ya ɗauke ta kafin a kai kwalta.

Shekara uku da suka wuce, bayan azahar, Habibullahi yana buga rufin kwano a wani gida, an ɗan yi yayyafi. Santsi ya kwashe shi, ya faɗo ta baya a kan bulo. Da aka kira Baba Musbahu, ya tarar an kawo babur, mutum huɗu sun sunkuya za su zaunar da shi. Habibullahi yana cewa ƙafafunsa sun yi masa nisa, kamar na aro.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kowa ya ɗauke hannunsa. Ba za a zaunar da shi ba, ba za a lanƙwasa shi ba. Ku ciro min ƙyauren ƙofar can."

Aka ciro ƙyauren, aka zura shi a kai yadda yake kwance, aka ɗaure shi da rawani biyu, aka ɗora a gadon. Dauda, ƙanen Habibullahi, ya hau baya. Shi ya ba mu labarin sauran. Ya ce Baba ya cika ƙwarya ya ajiye kusa da ƙafar Habibullahi, ya ce masa, "Idonka a nan. In ka ga ruwa ya zuba, ka buga rumfa." Ya ce da Baba zai murɗa makulli, ya ji shi yana cewa a hankali, "Ni na ce irinsa za ta ɗauka. Allah ka san wasa nake."

Aka kama hanya kamar ana rakiyar amarya. Masu babur na biye suna cewa a yi sauri. Dauda kansa ya kasa haƙuri, ya leƙa ta taga ya ce, "Baba, don Allah ka taka ta. Mutum na mutuwa."

"Yana numfashi?"

"Yana yi."

"Yana magana?"

Habibullahi da kansa ya amsa daga kwance, "Ina ji, tsoho. Ko kunkuru ya wuce mu tun ɗazu."

Baba ya ce, "To ba mutuwa yake ba. Ƙafafunsa nake tuƙawa. Duba ƙwarya."

Sau ɗaya Dauda ya buga rumfa, a kwazazzabon da ruwa ya ci. Baba ya tsaya, ya sauka, ya jera duwatsu a ramin da hannunsa, sannan ya wuce. Daga Rano aka tura su Kano, kuma a kan ƙyauren nan suka isa. Likitan da ya duba hoton bayan ya tambayi wanda ya kawo shi a kwance. Ya ce ƙashin ya tsage, da an zaunar da shi ko an jijjiga shi, da wuya ya sake takawa. Aka nemi Baba a gode masa, aka same shi a waje yana duba taya.

Bayan wata biyar Habibullahi ya shigo gidan da ƙafarsa, yana dogara sanda. Inna Ramatu ta dube shi ta ce, "Mun zama biyu." Ya ce, "Tawa ta aro ce, Inna, zan mayar." Kuma ya mayar. Hawa gini dai ya bar shi.

Bana idon Baba Musbahu ya fara hazo. Shi da kansa ya ce ya daina fita da marasa lafiya, tun kafin wani ya gaya masa. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ya kira Habibullahi, wanda ya shekara biyu yana koyon tuƙi a gefensa. Jama'a sun taru, ana zaton makulli zai miƙa. Sai ya miƙa masa ƙwarya cike da ruwa.

"Bakin kwalta, ka dawo. In ta ragu da yatsa ɗaya, gobe ka sake."

Baba Musbahu, mai tafiya a hankali, ni ban iya tsayawa gaban mutane in yi magana ba, shi ya sa na rubuta. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya ba Inna Ramatu lafiya. Ku kuma masu tsofaffin motoci a gindin bishiya, daga Dawaki har Kibiya, ku zo ku ga abin da tabarma da haƙuri suka yi. Kowace unguwa tana da hanya mai ramuka, tana kuma da wanda wata rana za a ɗauka a kwance.

Habibullahi ya dawo ran nan yana murmushi. Baba ya tsoma yatsa a ƙwaryar, ya girgiza kai. Sai a fita ta huɗu, ranar Litinin, ya ciro makullin daga aljihunsa ya ba shi. Habibullahi ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe baki zai yi tsokana kamar yadda ya saba, sai ya fasa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa biyu, ya miƙe ba wanda ya kama shi.